Safa Mai Jan Diddige

Litinin, 9 ga Janairu

Duk shekara sai an yi mini tambayar nan, bana ko mako ba mu rufa ba da komawa makarantar koyon noma. Ina rubutu a allo wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, ba don a ɓoye mara kyau ake gauraya giyar inabi ba?" Haka baƙin da ke tsayawa saye a bakin titi suke zato. Haka likitan haƙorina yake zato. A ganinsu kwalbar da aka rubuta sunan inabi ɗaya a jikinta ita ce 'yar asali, tamu mai haɗi kuwa ragowar tukwane ce aka juye wuri guda.

Na ajiye alli. Na ce inabi iri uku muke haɗawa, Girenash shi ne jikin giyarmu, shi ke kawo ɗumi da zaƙi, amma launinsa ba shi da zurfi, kuma in rana ta yi masa yawa sai ya yi nauyi ya kwanta a harshe ya ƙi tashi. Sira ke ba shi launi da ɗan yaji irin na masoro. Sanso ke buɗe masa taga ya sha iska. Na ce musu babu inabin da ya isa shi kaɗai. Jimlar ta yi mini daɗi har na sa suka ja mata layi.

A hanyar gida na ƙarasa ta a zuciyata: ban da na gonar Baba.

Laraba, 11 ga Janairu

Yaya Solange ta zo cin abincin rana. Sai da ta bari na cika baki da naman rago sannan ta ce, "Auta, ran ishirin da shida ne ɗanɗanon, ko?"

Shekarata sittin da ɗaya, har yau Auta.

Na ce na sani. Ta ce ta san na sani, tunawa take yi mini da alkawari. Gonar kan tudu tamu ce mu biyu. Kakanmu ya dasa ta, itatuwan sun haura shekara tamanin. A cikin manoma ɗari da ishirin na ƙungiyarmu, gonaki goma kaɗai ake matse Girenash ɗinsu a tanki daban, kwamitin mutum bakwai ya ɗanɗana, ya zaɓi masu shiga babban haɗin shekara. Tamu tana cikin goman. Shekara biyu ke nan a jere ba ta shiga ba. Bara, cikin fushi, na ce mata in ta faɗi karo na uku a tumɓuke ta, ta dasa zaitun ɗin da take ta mafarki. A gaban matata Odile na faɗa, ita kuwa ba ta mantuwa.

"Na yi magana da mai katafila," in ji Yaya. "Ya ce yana da sarari a Maris."

Na ce wace irin gaggawa ce wannan, ko ɗanɗanawa ba a yi ba. Ta ce ita ba gaggawa ta sani ba, ƙaninta ta sani. Wai duk kwarin nan kowa ya gama yanka inabinsa, ya wanke kwanduna, ya tafi hutu, ni ina zaune ina jiran ranar Sen Mishel.

Baba bai taɓa yanke ko gungu ɗaya ba kafin ishirin da tara ga Satumba, ranar waliyyi Sen Mishel ɗin. Kaka ma haka.

"Zamanin Baba a Satumba da rigar sanyi ake shiga gona," ta ce. "Yanzu ko ƙadangaru inuwa suke nema."

Odile ta tambaya ko akwai mai son ƙarin dankali. Babu.

Juma'a, 13 ga Janairu

Jarrabawar ɗanɗano a aji. Na kama wani yana leƙen takardar amsa a kan teburina. Na yi abin da na saba shekara talatin: ban kore shi ba, ban yi faɗa ba, na ƙara masa kofi na biyu na ce to, yanzu faɗa mini da harshenka. Fuskarsa ta yi ja kamar Sira. Ya canka daidai kuwa. Sun fi yadda suke zaton kansu iyawa, yaran nan, tsoro ne kawai.

Asabar, 14 ga Janairu

Odile ta wanke safunan kwamiti ta shanya a bayan gida. Tun zamanin waɗanda suka kafa ƙungiyar, tsofaffin safunan 'yan wasan ƙwallon ragbi na ƙauye ake sa wa kwalaben ɗanɗano don kada kowa ya gane tasa. An taɓa kawo shawarar sayen jakunkuna na musamman, tsofaffi suka kusa watsa taron. Tun tana aiki a ofishin ƙungiya wankin ya zama nata, ta yi ritaya bai bar ta ba.

Duk iri ɗaya ne, shuɗi da fari. Ɗaya ta huje a diddige. Shuɗin zare ya ƙare, ta ɗinke da ja. Na ce mata ta ɓata musu kama. Ta ce in na iya in karɓi allurar.

Talata, 17 ga Janairu

Iskar arewa kwana uku. Na hau tudu na tsaya cikin itatuwan. Ko motsi ba sa yi. Katafila, wai.

Lahadi, 22 ga Janairu

Bikin Sen Binsan, waliyyin masu inabi. Bayan coci aka ci abinci a babban ɗakin ƙungiya, kuma kamar kullum wani mai mugunta ya zaunar da ni kusa da Firmin.

Benci ɗaya muka zauna a firamare ni da Firmin. Ya bar makaranta yana ɗan sha huɗu, kuma tun ranar yake tausaya mini da na ci gaba. Gonarsa na gindin tamu, ɓangaren inuwa. Shi ma yana cikin goman, yana kuma cikin kwamiti. Takwas ga Satumba yake yanka, wani lokacin ma shida. Na sha gaya masa ruwan tsami yake kai wa ƙungiya.

"Farfesa," ya ce, "bana ma jam na shafa wa burodi ka dafa mana?"

Na ce gara jam da abin wanke tukunya.

"Na ji Solange na tambayar kuɗin dashen zaitun. In an tumɓuke ka ba ni kututturan, suna gasa nama da kyau."

Na yi masa bayanin yadda saiwar tsohon itace ke nitsewa ƙasa, yadda 'ya'yan ke ƙanƙancewa ɗanɗanon ya taru, yadda haƙuri ke shiga cikin kwalba. Ya saurara har ƙarshe yana yanka cuku, sannan ya ce, "Za a yi jarrabawa a kan wannan, ko in manta?"

Abin haushin, cukun nasa ne ya kawo, kuma ya fi na kowa.

Laraba, 25 ga Janairu

Zan rubuta yadda ya faru daidai, don ba yadda zai yi kama ba ne.

Na je ma'ajiyar giya don in tsara ziyarar ɗalibaina. Gaskiya ne wannan, akwai ziyarar, ko da yake a Afrilu ce. Faustine ce mai kula da tankuna yanzu. Ɗalibata ce, shekara goma sha biyu da suka wuce, layin gaba kusa da taga, ba ta taɓa yarda da magana ba sai ta gwada. Na same ta a ɗakin awo ta ɗebi giyar gobe a kwalabe, kowace da lambar tankinta da alli, tana sa musu safa.

Ban leƙa ba. Idona ne ya sauka. Kwalbar da ke hannunta an rubuta 14, tankinmu, kuma safar da take ja mata ita ce mai jan diddige.

"Malam, ba a shigowa nan yau," ta ce.

Na ce ai ban shigo ba, a bakin ƙofa nake. Na yi maganar Afrilu. Ta dube ni irin duban da ni na koya mata.

Ba zan yi amfani da shi ba. Zan ɗanɗana kamar ban sani ba. Sai dai in giya ta cancanci yabo, sanin mai ita bai kamata ya hana a yabe ta ba. Wannan ma zalunci ne. Kuma su Firmin suna jin maganata a kwamiti, ko sun ƙi ko sun so, ni kaɗai ne mai iya faɗin dalili.

Shekara tamanin. Ba don kaina ba ne.

Alhamis, 26 ga Janairu

Odile ta riga ni fita da safe, wai za ta kai wa Faustine ƙwai. Ban kawo komai a raina ba.

Ƙarfe goma muka zauna, mu bakwai, kowa da kofunansa da bokitin tofarwa a gefe. Léonce, shugaban ƙungiya, ya karanta ƙa'ida kamar kowace shekara: ba a haɗiyewa, ba a taɓa safa, ba a ambaton mahaifin kowa. Faustine ta shigo da biyar na farko, don teburin ba ya ɗaukar goma. Ta uku ce mai jan diddige.

Na shinshina, na kurɓa. Sai da na lumshe ido don daɗi. Ƙamshin 'ya'yan itacen ceri sabon tsinka, sanyi-sanyi, tana tafiya a baki da ƙafafunta. Ban san tamu ta kai haka ba. Na ce a raina, ashe duk shekarun nan su ne ba su da harshe.

Da aka zo kaina na miƙe tsaye. Ba a miƙewa a kwamiti, amma na miƙe. Na ce wannan aikin mutum ne mai haƙuri, wanda ya san gonarsa kamar tafin hannunsa. Na ce mai wannan giya ba ya bin hayaniyar maƙwabta, yana sauraron itacensa, ya yanka a ranar da ta dace, ba gaba ba baya. Na ce in da ɗalibina ne da na ba shi maki cikakke, na rataye takardarsa a bango. Minti biyar, in ji Léonce daga baya. Firmin ya ce shi dai ya ji ta ba laifi.

Sai Faustine ta kwashe, ta shigo da biyar na biyu.

Ta takwas ma jan diddige gare ta.

Na cire tabarau na goge na mayar. Tana nan. Zare ɗaya, ɗinki ɗaya. Na dubi Faustine, tana ta gyara bokitai kamar an biya ta don haka kawai.

Na kurɓi ta takwas. Zafi ya bi mini maƙogwaro tun ban haɗiye ba. Kauri, zaƙi, ƙamshin busasshen ɓaure da zabibi, ta zauna a harshe kamar baƙon da ya cire takalmi. Wani abu a cikin ƙamshin ya so ya tuna mini da wani wuri, ban ba shi dama ba. Lissafin mai sauƙi ne: ɗaya daga cikin biyun tamu ce, ɗaya mai kyau ce, ɗaya ba ta da kyau. To wace ce tamu? Ban ɓata ko daƙiƙa ba.

Kuma don kada ta takwas ta yi wa ta uku kishiya a maki, na sake miƙewa. Na ce mai wannan ya bar inabinsa a rana har ya zama zabibi. Na ce da kalanda yake yanka, ba da harshe ba. Na ce taurin kai ma ɗanɗano gare shi, ga shi nan a kofi. Na ce a shafa ta a burodi a ba yara. Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, wannan ma in rubuta.

Aka tara maki. Ta uku ta zo ta farko. Ta takwas ta zo ta goma. Léonce ya ce a cire safa.

Ta uku, tanki 9. Firmin.

Ta takwas ba sai na rubuta ba.

Sai Firmin ya ciro wayarsa ya ajiye a gabana. "Farfesa, don Allah maimaita wancan na mutum mai haƙuri. Shekara arba'in ina gaya wa matata, ba ta yarda ba."

Juma'a, 27 ga Janairu

Na ce wa makaranta mura nake yi.

Asabar, 28 ga Janairu

Na tambayi Odile yadda aka yi safa mai jan diddige ta zama biyu. Tana feraye karas, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanda ya sa ta ƙafa biyu gare shi, Anselme."

Na ce ɗaya ce ta huje, da idona na gani. Ta ce to, ta biyun ranar Alhamis ta huje, a ɗakin awo, da almakashinta. Na ce wa ya gaya mata abin da na gani? Ta ce mutumin da ke ɓoye littafinsa a ƙarƙashin kwandon burodi bai ɓoye komai ba.

Shekara nawa ke nan tana karantawa? Ban tambaya ba. Na tuna abin da na rubuta kan miyar kabewarta a Nuwamba.

Da rana na je wurin Faustine. Na shirya jawabi, ta katse ni. Ta ce Odile ce ta ɗinka, ita Faustine kuma ta zaɓi kwalbar. Na ce me ya hana ta sauya safar kawai, ko ta kai ƙarata wurin Léonce? Ta ce, "Malam, ba ka kora, ba ka faɗa. Kofi na biyu kake ƙarawa. A ajinka na gani."

Na ce amma yaran suna cankar daidai.

"Kai ma ka canka daidai," ta ce. "Duk abin da ka faɗa kan giyoyin biyu gaskiya ne. Masu su ne kawai ka rikita."

Yaya ta kira. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Sha biyar ga Maris, Auta. In kana son ɗaukar hoto ka ɗauka."

Talata, 31 ga Janairu

A gidan burodi matar ta tambaye ni ko in haɗa da jam. Ƙauyen nan ba shi da aikin yi.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Ranar haɗi. Na so in ƙi zuwa, Odile ta ajiye mini takalma a bakin ƙofa.

Kafin a fara na nemi magana, a zaune wannan karon. Na faɗa musu na ga safar tankinmu ranar Laraba, na yi niyyar ɗaga ta, ina neman a cire ni daga kwamiti. Léonce ya shafa gashin bakinsa ya ce shekararsa ishirin a kujerar nan, babu mutum ɗaya a teburin da bai taɓa leƙe ba. "Amma kai ne na farko da ya leƙi amsa kuma ya faɗi. Zauna, muna da aiki."

Faustine ta jera bututan awo. Girenash na Firmin da na gonaki biyu da suka bi shi, kashi sittin. Sira ishirin da biyar, Sanso sha biyar. Muka kurɓa, muka tofar. Kyakkyawa, mai tsabta, babu abin zargi. Amma kowa ya yi ta juya kofi, babu wanda ya gamsu. Aka rage Sanso. Aka ƙara Sira, ta yi ɗaci. Aka mayar. Har sha biyu ana abu ɗaya. Léonce ya ce kamar gaisuwar ɗan birni take, fara'a a farko, kafin ka amsa ya wuce. Tsakiyarta babu kowa.

Firmin ya jingina da kujera. "A sa mata cokali ɗaya na jam ɗin Farfesa mana."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, me ya rage mini. Faustine ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ɗauki bututu ta fita. Da ta dawo ta ajiye wa kowa kofi uku, babu suna babu lamba, ta ce ɗaya babu tanki 14 a ciki ko ɗigo, biyu akwai, ba daidai ba. Na ce ni ban da ni. Léonce ya ce kurɓi.

Na hagu siriri ne. Na dama ya yi nauyi, ɓauren ya fito fili, na san namu ne ya yi yawa a ciki. Na tsakiya ne ya tsayar da ni. Cerin yana nan, masoron yana nan, kuma bayan ka tofar wani ɗumi ya rage yana tafiya a hankali. Amma ban ji ɓaure a ciki ba ko kaɗan. Na koma na hagu, na dawo tsakiya, na kasa rantsewa wanne ne babu namu. In na zaɓi na dama, na tabbata gonar na ciki. In na zaɓi na tsakiya, wataƙila da hannuna na kira katafila.

Na daɗe. Ina jin idon Faustine a gefen fuskata.

Na tura na tsakiya gaba.

Mutum biyar muka zaɓe shi. Ɗaya ya zaɓi na hagu. Ɗaya ya zaɓi na dama, mai nauyin.

Faustine ta karanta takardarta. Na hagu, babu. Na dama, kashi sha biyar. Na tsakiya, kashi bakwai cikin ɗari na tanki 14.

Na ce zan je in ga ko na kashe fitilar mota. Na daɗe a wajen, iska ta sa idona ruwa.

Da na dawo ake ta tsokanar wanda ya zaɓi na dama. Firmin ne. Wai kuskure ya yi, kofin ne ya fi kusa da hannunsa. Na ce masa in yana son jam ya zo gida, ba sai ya ɓoye ba.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Na kai wa Yaya ƙaramar kwalbar haɗin da Faustine ta ba ni.

"Bakwai cikin ɗari? Ai gishirin miya ya fi haka."

Na ce alkawarin cewa ya yi ta shiga, bai faɗi da ƙafa nawa ba. Ta ce da ma lauya na zama da an huta. Ta zuba, ta shinshina, ta kurɓa. Ita ba ta tofarwa. Ta haɗiye.

"Can ƙarshe," ta ce, "akwai rumfar Baba. Inda yake shanya ɓaure."

Wurin da ƙamshin ya so ya kai ni ranar ke nan, na ƙi bi.

Ta ce za ta gaya wa mai katafila ya saurara. Shekara ɗaya, ba ta ce har abada ba. Kuma kusurwar ƙasa, inda itatuwa arba'in suka mutu tuntuni nake yi kamar ban gani ba, nan za ta dasa zaitun goma sha biyu. Na ce goma. Ta ce sha biyu, kuma ni zan haƙa ramukan.

Asabar, 18 ga Maris

Rami sha biyu. Bayana.

Asabar, 9 ga Satumba

Na daɗe ban rubuta ba, tunda na san da mai karatu. Na hau tudu da safe ina tsinkar ƙwaya nan da can ina taunawa har da 'ya'yan ciki. Sun yi ruwan ƙasa, suna ƙaras a haƙori. Dubawa kawai nake yi. Firmin na tsaye a kan iyaka, hannu a aljihu. Ya kalli inabin, ya kalle ni.

Talata, 12 ga Satumba

Mun yanka yau.

Ba wani dalili ba ne. Masu yankan Firmin sun gama nasa, suna nan ba aiki, ga tirelarsa a banza. An kuma ce wataƙila a yi ruwa wajen ƙarshen wata. Gwiwata ma ta fi son safiyar yanzu. Baba da kansa, da ya ga irin zafin bana... to, ban san me zai yi ba. Ba a taɓa tambayarsa ba.

Da muka isa ma'auni Faustine ta fito ta ga ni ne a kan tirela, ta duba kalandar bango, ta sake dubana.

"Malam, yau sha biyu fa."

Na ce na iya karatu.

"To jam ɗina fa? Na riga na tsara haɗin baɗi da kashi bakwai ɗinka. In kowa ya zama Firmin, wa zai zauna a tsakiya?"

Firmin ya ce shekara arba'in yana fama ya gyara ni, ranar da ya samu nasara an ce ya ɓata kaya.

Na bar su suka gama, sannan na ce layi huɗu na can sama, mafi tsufa, ban taɓa su ba. Suna nan sai ranar Sen Mishel. Ba don kowa ba, masu yankan ne suka gaji. Faustine ta ce to, ta rubuta a takardarta, bakinta na motsi. Firmin ya ce zai zo da kwanduna ran ishirin da tara, wai don kada in ji ciwo a gonar da zai gaji kututturanta.

Gobe aji na farko da sababbin ɗalibai. Wani zai yi tambayar nan, na sani. Wannan karon ba zan rubuta komai a allo ba, kofuna zan kai.

Odile, tunda kin iso nan: akwai kofi biyu a kan teburin kicin, na rufe su da faranti. Ɗaya tankinmu ne na bara shi kaɗai, ɗaya na Firmin shi kaɗai, Faustine ta ajiye mini. Kurɓi kowanne. Sannan ki ɗiga kaɗan na mai kaurin a cikin ɗayan, kaɗan fa, ki sake kurɓa. Kada ki gaya mini wanda kika fi so a farkon. Kuma miyar kabewar ba ta kai yadda na rubuta muni ba.